Zare Ɗaya Mai Ƙyalli

A shekarar da masaƙar da Baba yake aiki a Sharaɗa ta rufe, abin da ya dawo da shi gidanmu na Ɗorayi bai wuce takardar sallama da ƙullin guntayen zare ba. Cikin guntayen akwai wani zare mai ƙyalli, irin wanda ake ratsawa a bakin mayafi. Ban taɓa zaton shi zai riƙe mana tukunya ba.

Baba ya iya fatsa tun yana yaro a kogin Challawa, amma dagwalon majemu ya riga ya ɓata ruwan. Saboda haka ya koma madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. A can yake neman tsage, kifin nan mai haƙora kamar zarto, wanda da ido yake farautar ƙananan kifaye. Wani Bature injiniya ne ya taɓa nuna masa yadda masunta a Ingila suke ɗaure gashin tsuntsu a jikin ƙugiya, har ta yi kama da abu mai rai.

Kullum bayan sallar isha'i sai ya zauna gaban fitila. Ya ɗaura farin gashin wutsiyar akuya, ya ɗora gashin zabuwa a baya, ya haɗa siririyar waya don kada haƙora su datse igiya. Daga ƙarshe ya ratsa zaren ƙyalli guda ɗaya tak a kowane gefe. Ni kuwa a raina rowa na ɗauke shi.

Ina ɗan shekara goma sha huɗu zazzaɓi ya kwantar da shi a tsakiyar rani, ga kuɗin makaranta ya ƙarato. Na ɗauko ƙullin a ɓoye, na ɗaure ƙugiya goma, na lafta wa kowace ƙyalli har tana ɗaukar ido kamar amarya. Inna ta ranto mini kuɗin mota, na bi wani maƙwabcinmu zuwa Tiga.

Ruwan ya kwanta garau, rana ta take. Sau uku ina ganin tsage ya biyo ƙugiyata, ya matso, sai ya yi kwana ya nutse. Ashe da gaske ne kifi na ganinka, mai jar koma. Na dawo da magariba hannu rabbana, ga bashi, ga rabin zaren ya tafi.

Baba bai yi faɗa ba. Ya karɓi ƙugiya ɗaya, ya juya ta a hasken fitila, ya ce, "Ɗan nan, ka taɓa ganin kawara tana walƙiya ba tsayawa? Sai ta juya gefenta yake haskawa, sau ɗaya, ya ɓace. Wannan ƙyaftawar tsage yake bi. Idan damina ta dama ruwa, ka ƙara zare don ya hango. A ruwan rani kuwa, ƙyalli gishiri ne. In ya yi yawa, miya ta ɓaci."

Hannunsa na rawa ya ɗauki reza, ya dinga tsinke adon da na sha wahalar ɗaurawa, yana ajiye kowane sili a gefe. Mako na zagayowa na koma da ƙugiyoyin nan da suka zama abin tausayi a idona. Na kamo tsage huɗu, aka biya bashin Inna, aka rage kuɗin makaranta.

Yau Baba ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Ragowar zaren tana cikin akwatina. Duk lokacin da na ji zuciyata tana son in ƙara wa magana ko tufa ado, sai in tuna tsagen nan da ya matso, ya duba, ya juya.