Kaurar Iya Ta Yi Ƙaura

Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami, kuma maganar tuwo zan yi. Ku yi haƙuri da ni har ƙarshe.

A ƙauyenmu na ƙasar Sabuwa, kusa da iyakar Birnin Gwari, kakata Iya ce ke riƙe da irin dawar gidanmu. Kaura ce, mai launin ruwan ɗorawa. Duk kaka, kafin a kai dammuna rumbu, sai ta zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ta ɗaure su ta rataye a madafi inda hayaƙi zai kore ƙwari. Ta ce haka ta tarar uwar mijinta na yi.

A daminar 2020 'yan bindiga suka hana mu kwana a gida. Duk wanda ya fito daga yankin nan ya san sauran, ba sai na tsawaita ba. Ranar da muka fita, Iya ta bar kwanonin jerenta da tukwanenta, amma ta sauko da zangarniyoyin nan ta cusa a buhu. Gida ya rabu uku. Baffa Babba ya tsaya a garin Sabuwa yana leƙa gona idan hanya ta yi sauƙi. Baffa Ƙarami ya nufi Daudawa ta ƙasar Faskari wajen surukansa. Mu da Baba da Iya muka sauka Ƙanƙara gidan Gwaggo, inda watanni kaɗan da zuwanmu aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya sama da 300. Kafin a rabu, Iya ta kasa irin kashi uku, kowane ɗa ta damƙa masa nasa.

Damina ta zagayo, Baba ya samu aron wata 'yar gona a bayan gari ya shuka. Da kaka aka sussuke, aka surfa, aka niƙa, Inna ta tuƙa tuwo da miyar kuka. Iya ta kai loma ɗaya, ta tauna a hankali, sai ta ture kwanon.

"Wannan ba dawata ba ce."

Baba ya ce, "Haba Iya, irinki ne fa. Da hannunki kika ba ni."

Ta ce, "Irina ne. Amma ba dawata ba ce."

Ni a raina na ce kewar gida ce kawai ke damun tsohuwa. Har na faɗa mata cikin wasan jika da kaka. Ta harare ni ta ce, "Kai ɗan nan, bakin da ya shekara sittin yana cin abu ɗaya ba ka yi masa gardama."

Dama ta samu lokacin bikin 'yar Gwaggo, da baffannina suka zo kowa da 'yan tiyoyin dawarsa. Na roƙi Inna ta tuƙa tuwo uku, tukunya ɗaya, ruwan rijiya ɗaya, miya ɗaya. Na jera malmala uku gaban Iya ban ce komai ba. Ta gutsiri ta farko ta ce ta nan ce, ba ta da nauyi, tana wargajewa a hannu. Ta biyu ta ce ta Daudawa ce, ta ƙoshi amma ta sha raɓa, ga duhunta nan da ɗan warin sanyi. Da ta kai ta uku baki ba ta ce komai ba. Ta jawo kwanon gabanta ta cinye tas. Ba ta kuskure ko ɗaya ba, ni kuwa na sha kunya a gaban mata.

Daga baya na zauna da baffannina na bi abin daki-daki, sai na ga ba wani sihiri a ciki. Sabuwa ta fi kudu, ruwa ya fi yawa, damina ta fi daɗewa, ƙasar gonarmu kuma mai nauyi ce da ke riƙe laima bayan ruwa ya ɗauke. Irin dawarmu na gargajiya ba ranar shuka yake ƙirgawa ba, tsawon yini yake bi: sai yini ya fara gajarta yake fitar da kai. Kakanni sun yi ta zaɓe shekara da shekaru har lokacin fitar kan ya dace da ɗaukewar ruwan garinsu. Da aka kai shi Ƙanƙara, ya fitar da kai a lokacin da ya saba, amma gonar aron jigawa ce, ta riga ta bushe, tsabar ba ta sha ta ƙoshi ba. A Daudawa kuwa gonar Baffa na bakin fadama, laima ta yi yawa, karan ya yi tsawo, tsabar ta yi girma, sai dai sanyin ƙasa da raɓa suka dusashe ta. Ƙasar wajen ba ta da laifi. Ba a banza Turawan mulkin mallaka suka zaɓi Daudawa suka kafa gonar renon irin auduga ba. Kowace ƙasa da abin da ta iya.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne da na karanta cewa a Faransa wannan magana ta Iya har doka aka yi mata. Su a kan inabin da suke matsewa su yi jar giya ne. Ni ban taɓa kai ta baki ba, kuma ba zan kai ba, amma noman ya ja hankalina. Akwai wani irin inabi da ake kira Pinot Noir. A yankin Burgundy kusan shi kaɗai ake shukawa don jar giya, amma an yanka gonakin zuwa fegi 1,247, kowanne da sunansa, saboda abin da wannan fegi ya bayar ba shi ne na maƙwabcinsa ba, ko da 'yar hanya ce ta raba su. A 2015 hukumar UNESCO ta sa gonakin cikin kayan tarihin duniya. Tun 1935 suke da dokar da ta hana mutum ya liƙa sunan wani yanki a kan abin da ba a can aka noma shi ba. Dalilansu irin namu ne. Inda ake sanyi, inabi na nuna a hankali, tsami ya fi yawa, zaƙi ya ragu. Inda rana ke dukansa, zaƙi ya ƙaru, launi ya yi duhu. Shi ya sa inabin da ake kira Syrah a kwarin kogin Rhône, da aka kai shi wurare masu zafi a Ostareliya, inda suke ce masa Shiraz, masu sha suka ce kamar ba shi ba.

Mu ma mun san wannan, ba mu dai rubuta ba ne. Me ya sa ake cewa albasar Galmi, alhali irinta ya bazu ƙasashe da yawa? Me ya sa mai sayen hatsi a kasuwar Dandume, kafin ya tambayi kuɗin buhu, yake tambaya daga wane gari aka ɗauko?

Ga inda abin ya shafe mu. Labarina na farko da na kawo gidan nan, wata 'yar'uwa ta ce mini ya yi daɗi amma ba ta san daga ina marubucin yake ba. Na ji haushi a lokacin. Gaskiya ta faɗa. Na cika shi da falo da manyan motoci da maganar 'yan birnin Kano da na tsinta a littattafai, na bar madafin Iya da hayaƙinsa, na bar yadda mutanenmu ke gaisawa a bakin gona. Hausa iri ɗaya ce aka raba mana duka. Ni na je na shuka tawa a gonar aro.

Sai dai kar in yi muku ƙarya cewa na gama fahimtar abin. Bana Baba ya shuka jikar waccan dawa a Ƙanƙara karo na huɗu. Duk shekara Iya na zaɓen zangarniyoyin da suka riga saura nuna, tunda su ne ke tsere wa fari. Ga dawar maƙwabta a gefe, iska na kawo garin furenta. Tsabar ta fara cika, launin ya ɗan sauya. Da na tambaye ta ko yanzu ta zama dawarta, sai ta juya zangarniyar a hannu ta ce, "Ta zama ta 'ya'yanku. Tawa tana Sabuwa."

Ta rataye ta a madafin Gwaggo, kusa da wani ƙullin tsumma da ba ta yarda kowa ya taɓa. Ragowar irin da ta fito da shi ne. Baba ya sha gaya mata cewa iri in ya daɗe haka ba lalle ya tsiro ba. Ta ce a bar mata abinta har ranar da hanya za ta buɗe.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu. Ku kuma, wane abinci ne kuka ci a wani gari kuka ce irinsa ne, amma ba shi ba ne?