Tarar da na biya da hannuna

Da bakina na sa ɗan yayata ya amsa laifin da ya rantse mini bai aikata ba.

A 2021 ne 'yan sanda suka kai samame wata majalisar samari a bakin babbar kwatar da ta ratsa tsakanin unguwannin Nima da Maamobi a Ghana. An tsinci ƙullin wiwi a ƙarƙashin benci, aka kwashe duk wanda ke zaune, har da shi. Da na je ganinsa ya riƙe hannuna ya ce, "Kawu, wallahi ba nawa ba ne."

Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina, wai na san doka. Na san tsohuwar dokar miyagun ƙwayoyi ta 1990 ɗauri take yankewa, kuma sabuwar ta 2020, mai lamba 1019, ta sassauta wa wanda aka kama da ɗan abin da zai sha: tara ce, daga sidi 2,400 zuwa 6,000. Sai na yi lissafin ɗan kasuwa. Kuɗin lauya, zirga-zirgar kotu, uwarsa ba ta barci, maƙwabta sun fara ƙus-ƙus. Na ce masa, "Ka amsa kawai, in biya, mu tafi gida." Ya yi shiru, ya amsa. Har alfahari na yi a gida cewa na kashe maganar cikin mako guda.

Ashe kamu daban, hukunci daban. Wanda aka kama aka sallama yana da bakin magana. Wanda ya ce wa alƙali "na yi", ko da sidi ɗaya aka ci shi tara, sunansa ya shiga kundin masu laifi.

Yaron nan tun yana ƙarami soja yake so. Kullum asuba yana gudu a titin Kanda. Tsayinsa ya wuce mita 1.68 da ake nema, takardunsa na sakandare sun cika, shekarunsa ba su kai 25 ba. Amma cikin sharuɗɗan rundunar sojan Ghana akwai kyakkyawan hali da rashin tarihin laifi. Da ya nemi shiga soja, ya tsallake awon jiki a filin El-Wak, da aka zo binciken baya sai sunansa ya faɗi. Ban ga laifinsu ba. Wanda za a damƙa wa bindiga dole a tona bayansa.

Bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Yanzu gyaran babur yake koyo, shekarun ɗauka kuma suna ƙure masa.

Iyayen zango, in an kama muku yaro, kada ku bari ya buɗe baki gaban alƙali sai lauya ya ji maganarsa. In babu kuɗi, akwai hukumar gwamnati mai bai wa marasa ƙarfi lauya. Ku neme ta.