Turakun da ke riƙe tudu

Dilar gwanjon da ta bar kasuwar Hédzranawoé za ta Arewa, hanya ɗaya gare ta: babbar hanya mai lamba 1, wadda ta tashi daga Lome ta tuƙe a Sinkase, bakin iyakar Burkina. Mu da muke bin ta zuwa ziyarar dangi mun san inda hira ke ɗaukewa cikin mota. Bayan Sokode, kafin Bafilo, tsohuwar hanya takan hau dutsen Alédjo, ta kutsa tsakanin duwatsu biyu kamar zare a kafar allura. Nan birki ya sha cin amanar direbobi, har aka gina hanyar kewaye, aka yi wata a Défalé.

Sai dai yanka gangare domin shimfiɗa kwalta bashi ne, damina ke zuwa karɓa. In aka sare gindin tudu, ƙasar sama ta rasa madogara. Ruwa ya bi tsaguwa ya jiƙa lakar da ke kwance bisa fa, sai tudun ya soma silalowa a hankali. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Inda duwatsu suka fi namu tsawo, huda su ake yi, hanya ta bi ta ciki. Layin dogo na Chengdu zuwa Kunming, a ƙasar Sin, wanda aka buɗe a 1970, ya ratsa irin waɗannan ramuka sama da 400. To, in ramin ya faɗa cikin ƙasa mai motsi, takan matse bangonsa har ya dare. Maganin da injiniyoyi ke yi shi ne turaku. Sukan haƙa rijiyoyi a jere a jikin gangaren, su wuce ƙasa mai santsi har su cim ma dutse mai ƙwari, su zura rodi, su cika da kankare. Gindin turke na cikin dutse, samansa na tare nauyin tudu kafin ya kai ga bangon ramin. Sannan a yi magudanai, domin ruwa ne tushen ɓarnar.

Kada mu ce wannan zancen mutanen nesa ne. A 2008 ambaliya ta karya gadar Amakpapé a kan wannan hanya tamu, manyan motoci suka yi cirko-cirko, ɗan kasuwa da mai cefane duk suka ji a jikinsu. Zaftarewar tudu ɗaya ta isa ta yi mana haka.

Saboda haka, 'ya'yanmu direbobi da yaran mota, ku riƙa lura. Kwalta mai tsagewa a tsaye, itatuwan da suka karkata, ruwa mai laka da ke tsattsafowa daga gangare, duk gargaɗi ne. Kada ku kwana a gindin irin wannan tudu da damina, ku kuma sanar da hukuma. Allah ya kai kowa gida lafiya.