Hawan da ba shi da sarki

A Damagaram, in an ce hawa, kowa ya san abin da ake nufi. Sarki ne zai fito daga fada ranar sallah, dogarai da jajayen kaya, algaita da kakaki, dawakai sun sha ado har sun fi masu su kyau. Shi ya sa da ƴata Ummi ta dawo daga lekol ta ce ranar Lahadi akwai hawan Baba Noel a cikin gari, kalmar da na ba ta ita ce ta fara damuna. Ni na koya mata cewa "hawa", don ban sami wata kalmar da za ta ɗauki abin ba.

Toronto na yin wannan jerin gwano tun 1905. Kantin Eaton's ne ya ƙirƙiro shi don jawo masu saye kafin Kirsimeti, kuma shi ya yi ta ɗaukar nauyinsa har 1982, lokacin da ya janye hannu, wasu ƴan kasuwa suka haɗu suka riƙe. Kantin ya rushe a 1999, hawan yana nan. A watan Nuwamba ake yin sa, sama da wata guda kafin ranar bikin, wanda ya isa ya gaya maka cewa ladan kasuwa ne ya kira wannan taro. Daga wajen filin Christie Pits ake tasowa, a bi titin Bloor, a gangara University, a ƙare kusa da kasuwar St. Lawrence.

Na kira Inna kafin mu tafi. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke, yanzu har bikin Kirista kuke zuwa?" Na ce kallo ne kawai, Inna. Ta ce kallo ma ai da ƙafa ake zuwa. Ban yi mata gardama ba, kuma ban fasa ba. Dalilina shi ne duk ajin su Ummi za su je, ranar Litinin kowa zai ba da labari, kuma na fi son abin da za ta gani ta gan shi tana riƙe da hannuna.

Aikin rediyo ya ɓata ni, duk inda na je kunnena ke riga idona. Na kunna na'urar ɗaukar murya tun muna neman wurin tsayawa. Abin da na fara lura da shi, sanyi na cinye tafi. Kowa na sanye da safar hannu, sai ka ga dubban mutane na tafawa amma ƙarar kamar ana bugun katifa. Ƴan badujala na makarantu suna wucewa rukuni bayan rukuni, ganguna da ƙahonin tagulla, a tsakaninsu manyan motoci da aka mayar gidajen alewa da dabbobin tatsuniya. Ba maroƙi ko ɗaya. Ba wanda ake yi wa kirari, ba wanda ya ɗaga hannu ya yi jinjina. A gida hawa yana nuna maka wa ke gaban wa: wane hakimi ya riga wane, dokin wa ya fi kusa da laima. Nan kuwa sunayen bankuna da kantuna ne a jikin motocin. Na duba da gangan ko zan ga gicciye ko hoton Annabi Isa, ban gani ba. Wata tsohuwa ƴar Filifin da ke gefenmu, wadda ta ba Ummi kujerarta mai naɗewa, ta ce ita ma ba ta ɗauki wannan a matsayin ibada ba, ibadarta tana coci a daren 24 ga Disamba.

Abin da ya fi tsaya min shi ne ma'aikatan gidan waya. Suna tafe a gefen hanya da jakunkuna suna karɓar wasiƙun yara zuwa ga Baba Noel. Yana da adireshinsa a Kanada, da lambar adireshi ta gidan waya H0H 0H0, wadda aka tsara ta yi kama da dariyarsa, kuma masu aikin sa kai ne ke zama suna amsa wasiƙun. Ummi ta zaro takarda daga aljihun rigar sanyinta. A lekol suka rubuta, ni ban sani ba.

Na riga na faɗa mata gaskiya tun a gida: mutum ne cikin jar riga da gemun auduga, ba ya jin addu'a, ba ya ba da komai. Ta ce ta sani. Na ce to bari in gani. Layi biyu ne da rubutun ƴar shekara shida. Ba ta roƙi ƴar tsana ba. Ta rubuta cewa tana son kakarta ta zo.

Sau biyu muna nema wa Inna takardun zuwa, ba su fito ba, kuma ashe yarinyar na jin mu in muna magana da dare. Na durƙusa na ce, "Ummi, wannan Allah ake roƙa." Ta ce, "Na roƙe shi, Mama. Wannan kuma ɗan ƙasar ne, ya san mutanen ofis."

Na bar ta ta miƙa. Baba Noel ya zo a motar ƙarshe, kamar yadda aka saba, yana ɗaga hannu daga can sama, yara na ihu har na'urata ta cika. Da dare na yanke minti biyu na aika wa Inna ta WhatsApp. Ta saurara ta maido da murya: ta ji gangunan, masu bugun ba su da laifi, amma ina dawakin, kuma me ya sa muryar takwararta ta dishe, ba mu rufe mata wuya ba ne?