WA KE DA FARIN LAYIN NAN NA KAN TITI?

Rubutun yau da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

In muka haɗu a taron ɗaliban Arewa, maganarmu ba ta wuce kuɗin makaranta, sikolashif ɗin da aka yi shiru da shi, inda za a samu tuwo na gaske, sai kuma batun tsaro: wace hanya za a bi in za a je gida hutu, motar dare ko ta safe. Duk suna da muhimmanci. Amma har yau ban ji wanda ya ɗaga hannu ya ce a tattauna yadda muke tsallaka titi ba, alhali haɗarin da muke shiga kullum safe da yamma ke nan.

Ina digiri na biyu ne a fannin tsara birane a nan Enugu, kuma a Abakpa Nike nake haya saboda ɗakin can ya fi daidai da aljihuna. Wanda bai san Abakpa ba, ya ɗauko Kurna ko Brigade ta Kano, ya ɗora ta a kan tudu da gangare, ya zuba mata jar ƙasa da ruwan sama na wata bakwai. Tana ƙaramar hukumar Enugu ta Gabas, ga barikin Runduna ta 82, ga kasuwa, ga hanyar da ta miƙe zuwa tafkin Nike ta wuce Ugwogo har Opi ta ɓangaren Nsukka. Sunan ma kansa namu ne ta wata fuska, don da Abakpa ko Abakwa mutanen yankin Binuwai da wasu sassan Gabas suke kiran Hausawa fatake tun da. Shi ya sa za ka ji Abakpa a Abakaliki, ka ji ta a Ogoja, ka ji ta a Kaduna.

To a wannan unguwa, su wa suka fi kowa taka titi da ƙafa? Ku lissafa da kanku. Mai tura baro, mai gyaran takalmi da akwatinsa yana ƙwanƙwasawa, mai yankan farce, mai rake, mai dabino da aya, mai kai ruwa, yaron mai shayi da ke tsallakawa sayen burodi. Mai mota ya ratsa Abakpa sau biyu a rana, tafiya aiki da dawowa. Mai baro kuwa titin ne ofishinsa, tsallakawar da yake yi a wuni shi kansa bai san adadinta ba. Kuma tun da aka hana acaɓa a cikin birnin zamanin Sullivan Chime, keke mai ƙafa uku da ƙananan bas suka cika ko'ina, kowa na rububin fasinja a bakin kwalta, daidai inda mai ƙafa yake tsayawa.

A faɗi gaskiya, an yi aikin tituna a garin nan. Gwamnatin Ifeanyi Ugwuanyi ta gina gadar sama a T-Junction, ta Peter Mbah da ta hau a 2023 ta ba da kwangilar titunan cikin gari 71 a tashin farko, kuma Abakpa na cikin wuraren da aka gina wa sabuwar tashar mota. Wanda ya san cunkoson da ake yi a da ba zai raina ba. Sai dai akwai abin da aka koya mana a aji wanda na zo na gani da idona: ramukan nan da muke zagi, su ne suke riƙe ƙafar direba. Ranar da aka shimfiɗa sabuwar kwalta sumul, ranar gudu yake ƙaruwa. Dokar hanya ta ƙasa ta ce kilomita 50 a awa a cikin gari. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce in mota ta bugi mai tafiya a ƙasa, haɗarin mutuwarsa yana ninkuwa sau huɗu da rabi tsakanin gudun 50 da na 65. Bambancin 15 kacal, abin da direba ba zai ma ji a jikinsa ba. Ita dai hukumar ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara a duniya, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur.

Ke nan in an gyara titi, mai mota ya samu rabonsa nan take. Rabon mai ƙafa shi ne ɗan abin da ke biyo baya: farin layi, zanen tsallakawa da ake kira zebra, allon da ke cewa a rage gudu akwai makaranta, tudun rage gudu, fitila. A nan nake so mu ɗan daɗe, domin nan ne ake yi mana sakiyar da ba ruwa.

Duk kwangilar titi tana da takardar lissafin aiki, inda injiniyoyi ke jera komai da farashinsa. Share wuri, cike ƙasa, kwalbati da lambatu, dutse, kwalta. Can ƙasa, shafin ƙarshe, sai ka ga layuka da alamomin hanya. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na kwalta, kuma su ne aikin ƙarshe da ake yi. Ka ga matsalar? Kafin a kai kansu farashin siminti da dizal ya tashi, biyan kuɗi ya yi jinkiri, ɗan kwangila yana neman inda zai rage asara. Ba zai rage faɗin titi ba, kowa zai gani. Shafin ƙarshen nan zai taɓa. Ko dai a bar shi sai wani lokaci, ko a yi shi da abin da ya sawwaƙa ana jibi bikin buɗewa.

Kuma fenti suna suka tara. Akwai na gaske, wani gari ne mai roba da ake dafawa a tukunyar inji har zafinsa ya kai wajen digiri 200, a shimfiɗa shi da kauri a kan kwalta, a barbaɗa masa ƙananan ƙwayoyin gilashi tun bai huce ba. Ƙwayoyin nan ne suke mayar wa direba hasken fitilarsa da dare, shi ya sa za ka ga layin wasu titunan Abuja yana walƙiya. Irin wannan yana shekaru. Akwai kuma fentin gwangwani da ake tsinkawa a shafa da burushi, ranar farko ya fi na gasken haske a hoto, damina ɗaya ta wanke shi. A gari irin Enugu da ruwa ke gangaro da jar ƙasa kan titi tun daga Afrilu har Oktoba, ko damina ɗayan ba ya kaiwa. In kana son ka gane wanne aka sa, ba sai ka zama injiniya ba. Shafa da hannunka: na gaske yana da tudu, za ka ji shi. Da dare kuma ka haska shi da tocilan daga nesa kaɗan, ka riƙe ta kusa da idonka.

Na yi wannan gwajin a wani titi kusa da inda nake, ba zan kama suna ba. Watannin baya an ja masa layi fari tas, da zebra a gaban wata firamare. Yanzu sai ka durƙusa kafin ka ga inuwarsa. A daidai wurin ne keke ya kwashe wani yaro ɗan wajenmu mai tura baro, da magariba, ana yayyafi. Allah Ya yi da sauran kwana, ƙafa ce ta karye. Muka yi karo-karo a masallaci aka kai shi wajen ɗori, daga baya aka sa shi a mota zuwa gida. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda aka yi shari'ar a bakin titi. Mai keke ya rantse yaron ne ya faɗo masa, yaron ya ce ai nan kowa yake tsallakawa. Duk cikinsu ba mai ƙarya. Da zanen yana nan, da akwai shaidar da ba ta jin Hausa ba ta jin Ibo, kowa ya kalli ƙasa ya san mai gaskiya. Da babu shi, sai magana ta koma wa ya fi baki, wa ya fi jama'a a wurin. Ku kuma kun san baƙo ba ya cin irin wannan shari'ar.

Na san abin da wani zai rubuto a ƙasa: Malam, a Najeriya wa yake tsayawa a zebra? Da gaskiyarka. Ni ma ba zan ce wa ƙanena ya taka zebra ya rufe ido ba, ko a Kano ko a nan. Fenti shi kaɗai ba ya taka burki. Su ma Ingila da suka fara zanen a garin Slough a 1951 ba su tsaya a fenti ba, sun haɗa da fitila da doka da tara. Abin da ke aiki a irin titunanmu shi ne a ɗaga wurin tsallakawar ya zama tudu mai faɗi, dole direba ya rage gudu ko don tausayin motarsa, a sa ɗan tsibiri a tsakiya inda tsohuwa za ta tsaya ta huta kafin ta ƙarasa, a sa fitila a kansa. Sannan a zana shi inda mutane suke tsallakawa da gaske, bakin kasuwa, bakin tasha, ƙofar makaranta, coci da masallaci. Mun ga gadojin masu ƙafa a Kano da aka kashe wa kuɗi, jama'a na bi ta ƙarƙashinsu, saboda ba wanda zai hau matakala da buhu a ka. Duk waɗannan a takardar kwangila ake yanke su, tun kafin katafila ta iso.

Sai batun alluna, kuma a nan dole mu faɗa wa kanmu mai ɗaci. Allon hanya yana da ma'ana a siffarsa: mai kusurwa uku gargaɗi ne, da'ira mai jan baki hani ce, shuɗiyar da'ira umarni. An yi haka ne don wanda bai yi boko ba ma ya gane. To a Abakpa allo ba ya sati biyu ba a manna masa fastar taron coci ko ta ɗan takara ba. Wanda ya tsira daga fasta kuma, wata safiya sai ka tarar da guntun ƙarfe a ƙasa, an yanke shi. Da an ga haka sunan da ake kira ɗaya ne: 'yan gwangwan, Hausawa. Mafi yawan yaran nan halak ɗinsu suke nema, suna yawo cikin rana suna sayen ƙarfen da aka yar. Amma ƙarya ne mu ce babu ɓata-gari a ciki, kuma mai sayen allon gwamnati a kan sikeli ya san abin da ya saya. Mutum ɗaya ya yanke allo ya sayar a kuɗin da bai kai na abincin kwana biyu ba, ya jawo wa dubu zagi, sannan ɗan uwansa mai baro ne mota za ta buge a wurin. Wannan magana ce ta shugabannin 'yan gwangwan da limamanmu, kuma mu masu karatu ne ya kamata mu kai musu ita cikin ladabi.

Da na tayar da zancen nan wajen wani dattijo da ya fi shekara talatin a garin, sai ya ce, “Ɗana, mu baƙi ne, ci da addu'a ne namu. Ka yi karatunka ka koma gida.” Na fahimce shi, ya ga abin da ban gani ba. Na dai ce masa, “Baba, ai magajin garin Enugu na farko Malam Umaru Altine ne, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, kuma zaɓensa aka yi a shekarun 1950.” Ya yi dariya ya ce wancan zamani daban. Haka ne. Amma ni ban ce mu nemi kujera ba. Harajin kasuwa dai ana karɓa a hannun mutanenmu, tikitin baro ana yanka musu kullum. Wanda ake karɓar kuɗinsa yana da bakin tambayar inda zai taka.

Kuma abin da na lura, wannan ce magana ɗaya da ba ta raba mu da masu gari. Matar mai gidan da nake haya, 'yar Nike ce, jikokinta uku ke tsallaka titin nan zuwa makaranta, kullum da safe sai ta raka su da kanta tana ɗaga wa motoci hannu. Da na nuna mata hoton zanen lokacin yana sabo da yadda ya koma, ita ta fara cewa a rubuta takarda, kuma za ta kai wa ƙungiyar matan cocinsu su sa hannu.

Mun rubuta. Ba zagi a ciki, ba siyasa. Tambayoyi ne: wane irin fenti takardar aikin ta ce a sa, wa ya duba ya sa hannu cewa an yi, kuma wa'adin gyara ya ƙare ko da saura? Wannan na ƙarshen shi ne mai muhimmanci, don a ƙa'idar kwangila akwai lokacin da ake ɗiba bayan an gama aiki, ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, duk abin da ya lalace a ciki shi zai gyara da aljihunsa. In ba wanda ya yi magana har wa'adin ya wuce, shi ke nan, an sallame shi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma ta ba ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan takardu a rubuce.

Ku da ke Samaru, ku da ke Kabuga da hanyar Gwarzo, ku na Fatakwal da Onitsha, gobe in za ku shiga makaranta ku dubi ƙasa a bakin get, ku ɗauko min hoto ku sa a nan, ku faɗi garin. Ina son in haɗa su cikin babi na biyu na kundina, in malamina ya yarda. Mu kuma na Abakpa, ranar Juma'a bayan an sauko za mu zauna a shagon mai shayin da ke gefen masallaci don karɓar sa hannu. Wanda bai iya rubutu ba akwai tawadar dangwale. Muna neman mutum ɗaya da ya iya Ibo sosai ya raka mu wajen kansila, don nawa bai wuce gaisuwa da cinikin ayaba ba.