Ƙafar hagu

4 ga Janairu
Atisayen keke a hanyar Zariya da asuba, hazo. Muna wuce Kura aka ƙara wuta, cinyar hagu ta mutu. Nauyi, tsami, kamar an ɗaure ta da igiya daga matsematsi. Ta dama lafiya lau, numfashi ma haka. Na sassauta feda, cikin mintuna kaɗan ta dawo. Yara sun yi mini nisa. Koci: "Atisaye ne bai ishe ka ba."

7 ga Janairu
Na ɗaga sirdi, na sauke. Duk ɗaya.

11 ga Janairu
Asibiti. Likita ya danna, ya lanƙwasa, ya taɓa bugun jini a bayan idon sawu, ya ce daidai. Hoton baya ba komai. Maganin ciwon jiki da hutu. A kan gadon awo ƙafar ba ta da laifi ko ɗaya. To me zan nuna masa?

12 ga Janairu
Inna ta kira wanzami. Na bari aka yi ƙaho don hankalinta ya kwanta. "Ɗan nan, ka haƙura da keken nan mana."

19 ga Janairu
Likitan jijiyoyin jini. Shi ne ya fara tambayar yaushe ciwon ke zuwa, yaushe yake tafiya. Ya zana a bayan kati: babbar jijiyar da ke kai wa ƙafa jini, daga ƙugu ta gangaro ta matsematsi. Ɗan tsere a duƙe kan keke, cinya tana naɗewa tana miƙewa shekara da shekaru, jini na gudu da ƙarfi. Jijiyar ta lanƙwashe, bangonta na ciki ya yi kauri, hanya ta tsuke. Ba kitse ba ne irin na manya. A zaune ɗan jinin da ke wucewa ya wadatar, sai an nemi da yawa asiri ke tonuwa. Endofaibrosis. An fara gano shi a jikin 'yan tseren keke, a shekarun 1980. Ya fi kama hagu.
Da a sha-raɓa ciwon yake, in ji shi, da jijiyar bayan gwiwa zai zarga.
"Zato ne tukuna, Malam. Sai mun auna."

20 ga Janairu, dare
Karatu a waya kan 'yan tseren keken da ciwon ya kama. Pauline Ferrand-Prévot ta Faransa: tiyata a 2019, wata a 2020, sannan zinare a Olamfik na Paris 2024. Fabio Aru na Italiya: aiki a 2019, ya ajiye keke a 2021. Ryan Cox na Afirka ta Kudu ya rasu a 2007, yana da shekara 28, makonni kaɗan bayan aikin, jijiyar ta fashe.
Ba barci.

24 ga Janairu
Ban hau ba. Na wanke sarƙa, na sa mai.

29 ga Janairu
Awo. Keken tsaye a kusurwar ɗaki, nas biyu riƙe da abin awon jini. Na taka har gumi na ɗiga a siminti, har cinyar ta mutu, na ɗaga hannu. Da gudu zuwa gado, domin dole a auna dantse da idon sawu cikin minti guda, kafin jini ya koma daidai. Dama ta tsaya a inda take. Hagu ta faɗi ƙasa warwas. Likita ya juyo mini da takardar.
Alhamdulillahi na ce, da ƙarfi. Yau an gani.

30 ga Janairu
Murnar ta tafi. In ta tabbata, zaɓi biyu: in daina tsere, ko a buɗe jijiyar a kankare, a yi mata faci da wata jijiya daga jikina. Ban faɗa wa Inna ba.

5 ga Fabrairu
Saura hoton da ake zuba ruwan magani a jini. Ba a sa rana ba. Kuɗin ma da saura. Gobe bayan la'asar zan leƙa wajen Yaya a Kantin Kwari.