Takardar da Na Ƙunshe Kanwa a Ciki

A cikina na uku, ina sati 26, aka gano ina da ciwon sukari na masu juna biyu. Na kiyaye iya kiyayewa: na rage malmalar tuwo, na yi sallama da lemon kwalba, kullum sau huɗu nake tsira yatsa. Ranar da za a sallame ni bayan na sauka, wata nas ta miƙo mini takarda ta ce, "Maman jariri, in kin yi sati shida ki dawo gwajin shan ruwan sukari." Na ce to. Takardar nan, da na je wankan gida, ita na ƙunshe ragowar jar kanwa a ciki.

Ina da hujjata a lokacin. Mabiyiya ce ke fitar da sinadaran da ke danne aikin insulin, da zarar ta faɗo kuwa sai sukari ya sauka. Kwana uku bayan suna na auna da safe kafin in karya, na ga 91. Inna ta ce, "Ai dama na cikin ne, ya bi shi sun tafi." Abin da nake so in ji ke nan. Na dinga ɗirkar kunun kanwa da sukari har muka yi arba'in.

Ashe tona mini asiri kawai cikin ya yi. Duk mai juna biyu jikinta kan bijire wa insulin, amma yawancin mata sukan ƙara samar da shi har ya wadatar. Nawa jikin ya gaza, kuma gazawar tana nan bayan an sauke nauyin. Awon safe da na dogara da shi bai cika kama ta da wuri ba, domin bayan an ci abinci take fara nuna kanta. Shi ya sa ake shayar da mace giram 75 na sukari, a jira awa biyu a ɗebi jini: daga 140 zuwa 199 gargaɗi ne, 200 kuwa ciwon ya zauna. Tsakanin sati 4 zuwa 12 da haihuwa ake yinsa, sannan a riƙa dubawa duk bayan shekara ɗaya zuwa uku. Ko sau ɗaya ban je ba.

Shekara huɗu ina ƙiba ina cewa hutu ne. Da ƙishirwa da fitsarin dare suka dame ni, sai na ɗora wa zafin bazara. Da na je asibiti daga ƙarshe, likita ya buɗe tsohon katina ya ce, "Hajiya, ina sakamakon gwajin bayan haihuwa?" Na sunkuyar da kai. Da an kama ciwon tun yana gargaɗi, rage ƙiba da tattaki kan jinkirta shi, wani sa'in ma su kau da shi. Yanzu kullum sai na haɗiyi metformin.

Ƙanwata ta sauka watan jiya, ita ma da irin nawa. Takardarta tana cikin jakata. Ranar Talata da sassafe zan je in ɗauko ta, na kuma ja wa Inna kunne kada a ba ta ko kunu kafin mu fita.